Keke Marar Giya: Abin Da Yashin Katagum Ke Koya Wa Mai Saye

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin sufuri ya sauya a gidaje da dama. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yulin shekarar bai wuce Naira 70,000 ba. A garuruwa irin su Azare, inda babur ya daɗe da ture keke gefe, dokin ƙarfe ya fara dawo da martabarsa.

Ma'aikacin tarayya da ke Abuja ba bare ba ne a wannan lamari. Sau da yawa shi ake bugo wa waya daga gida: ƙane ya samu gurbi a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ko ɗa zai riƙa zuwa makaranta daga ƙauye, ko kawu na son abin da zai kai shi gona. Wani kuma shi kansa aka tura aiki Azare, garin da ke da asibitin tarayya da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021. Sai ya shiga kasuwa ya zaɓi keken hawa dutse na gwanjo mai giya 18 ko 21, mai sheƙi, ya ɗora a mota. Bayan 'yan watanni giyar ta cije, sarƙa na zamewa, keken na jingine a zaure.

Ƙasa ce ke zaɓen keke

Tsakanin Azare da tsohon garin Katagum, wanda Malam Ibrahim Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, akwai tafiyar kimanin kilomita 70, kuma kusan dukkanta shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. In aka cire duwatsun Shira, babu wani hawa da zai sa mahayi neman giya mai yawa. Abokan gabar keke a nan uku ne: yashi mai zurfi a hanyoyin ƙauye da rani, taɓon fadamar Kogin Jama'are da damina, sai ƙurar hunturu da ke shiga kowane lungu na ƙarfe.

Na'urar sauya giya, wadda ke rataye kusa da ƙasa a ƙafar baya, ita ce ta farko da waɗannan ukun ke kashewa. Tana da ƙananan tayoyi, da sifirin, da waya, kuma faɗuwa ɗaya kan lanƙwasa ta. Shi ya sa kekunan da suka yi suna a Arewa, daga Raleigh na Ingila, wanda har masana'antarsa aka yi a Kano, zuwa Phoenix na Sin da Hero na Indiya, galibinsu giya ɗaya gare su. Ƙungiyar World Bicycle Relief, da aka kafa a 2005, ita ma a kan wannan hikima ta ƙera kekenta Buffalo domin karkarar Afirka: firam na ƙarfe, da kariya mai ɗaukar kilo 100.

Shi kansa keken hawa dutse da giya ɗaya ya soma. A shekarun 1970, matasa a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka sun riƙa gangarowa daga tsaunuka a kan tsofaffin kekunan Schwinn masu faffaɗar taya, kafin Joe Breeze ya ƙera firam na musamman a 1977, kamfanin Specialized kuma ya fito da Stumpjumper a 1981. Don haka mai gyaran da ya cire wa keken gwanjo giya a Azare, asalinsa ya mayar da shi. Abin da ake samu shi ne haɗin gambiza mai amfani: faɗin tayar keken dutse, wadda ba ta nutsewa a yashi kamar siririyar tayar Raleigh, tare da sauƙin kula irin na tsohon keke.

Firam shi ne tushe

Kowane ɓangare na keke ana iya sauya shi da kuɗi kaɗan, ban da firam. Na alminiyam ya fi sauƙin nauyi, ba ya kuma tsatsa, amma in ya tsage sai an nemi walda ta musamman, kuma ko an yi ba lallai ya koma da ƙarfinsa ba. Na ƙarfe kuwa mai walda a Gamawa ko Yana zai iya ɗinke shi. Maganaɗisu na raba gardama: yana kama ƙarfe, ba ya kama alminiyam.

Sai a duba inda ƙafar baya ke zama. A wasu firam ɗin ramin a kwance yake, ana iya jan ƙafar baya don ɗaure sarƙa. Wannan shi ne ya fi dacewa da giya ɗaya. A mafi yawan kekunan dutse na baya-bayan nan ramin a tsaye yake, ƙafar ba ta motsi. Irin wannan yana buƙatar abin da zai riƙa jan sarƙar, kuma tsohuwar na'urar giya, in aka ɗaure ta a wuri guda, tana iya yin aikin.

Mai saye ya lura da mahaɗar bututu, musamman a wuyan keke da wajen da feda ke juyawa, domin a nan tsagewa ke ɓuya, wani lokaci a ƙarƙashin sabon fenti. Ya kwance sandar sirdi ya ga tana hawa da sauka, don wadda tsatsa ta kama ta kan gagari fitarwa. Ya tabbata akwai ƙananan ramukan ɗaura kariya a baya, tunda keken da ba ya ɗaukar buhu ko jarka rabin keke ne a ƙasar Katagum. Fok ɗin gaba mai sifirin, in na araha ne, nauyi kawai yake ƙarawa, ƙura kuma na kashe shi da wuri. Sandararren fok na ƙarfe ya fi aminci.

Batun girma ma ba na wasa ba ne, musamman ga mai saye daga nesa. Idan mahayi ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, ya kamata a samu ratar yatsu uku zuwa huɗu tsakaninsa da bututun sama. Keken da aka saya wa yaro da nufin wai zai girma ya cika shi, hatsari ne a kan babban titin Kano zuwa Maiduguri da ya bi ta Azare.

Lissafin haƙora

Wanda ya zaɓi giya ɗaya da ita zai zauna, don haka sai ya yi lissafi. Ana raba yawan haƙoran faifan gaba da na baya. Masu hawan dutse kan fara da 32 a gaba, 16 a baya: kowane zagayen feda ƙafa za ta juya sau biyu. Da ƙafa mai inci 26, wannan tafiyar kimanin mita 4 ce, wato kusan kilomita 15 a awa ga mai juya feda sau 60 a minti. Ga mai ratsa yashi da kaya wannan daidai ne. Ga ɗalibi ko ma'aikacin da mafi yawan tafiyarsa a kan kwalta take, 38 da 16 zai ba shi kusan mita 5 a zagaye, ba tare da ƙafa ta yi ta wulwulawa a banza ba.

A nan ne gyaran gaggawa ke jawo asara. Hanyar da ta fi araha ita ce a yanke sarƙa a ɗora ta a kan ɗaya daga cikin faifan baya, a bar sauran. Sai dai haƙoran waɗannan faifai an tsara su ne domin sarƙa ta riƙa tsallakawa. In ta haye faifan da ya fi girma, za ta ɗaure tamau, ta iya lanƙwasa sandar ƙafar ko ta tsinke ana cikin tafiya. Gyaran ƙwarai shi ne a cire tarin faifan gaba ɗaya, a ɗaura guda ɗaya, a daidaita shi ya yi layi da na gaba, sannan a bar wa sarƙar ɗan sassauci kamar faɗin yatsa.

Taya, birki da abin da kasuwa ke da shi

Ƙafa mai inci 26 ita ce ta fi yawa a kekunan gwanjo. Masu inci 27.5 da 29 sababbin yayi ne, kuma kafin a saya ya dace a tambayi mai gyara a gida ko yana samun tayarsu. Tayar inci 28 ta Raleigh da Phoenix ba ta shiga ƙafar inci 29, duk da kusancin lambobin. Faɗin taya kimanin inci 2 ya wadatar, kuma rage iska kaɗan na taimakawa a yashi. Mai kauri ta fi jure tsidau da ƙayar aduwa. Bakin tiyub irin na mota da babur ya fi, domin kowane mai faci na da famfonsa.

Birkin da ke aiki da mai yana kamawa sosai, amma in ya yi yoyo a Udubo ko Bulkachuwa, mahayi ya shiga uku. Birki mai waya da roba kowa na iya gyara shi. Ita kuwa sarƙa, labta mata baƙin mai na sa yashi ya manne, ya zama abin da ke cinye haƙora. Ɗigo kaɗan, a goge da tsumma, ya isa.

A 2001, Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran ma'aikata su rungumi keke, har mota ta ture shi cikin kwata a Abuja, aka mayar da batun abin dariya. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya. Mutanen Katagum ba su jira ko ɗaya daga cikin biyun ba, tsadar mai ce ta yi musu wa'azi. Abin da ya rage ga mai aiko da kuɗi daga Abuja shi ne ya nemi shawarar mai gyaran da zai riƙa kula da keken kafin ya biya, ya kuma ware wani abu daga cikin kuɗin domin sabuwar sarƙa, faifai guda, tayoyi da kariya. Keken da kayansa ke cikin akwatin mai gyara na bakin kasuwa shi ne zai kai yaro makaranta har ya gama.