Taurarin takarda: Adon biki da ake naɗewa da yatsa a Abuja

Da zarar hunturu ya sauka a Abuja, hazo ya lulluɓe kan Dutsen Aso, ofisoshi sukan fara canja kama. Daga Sakatariyar Tarayya da ke kan titin Shehu Shagari zuwa hukumomin da ke warwatse a Garki da Wuse da Maitama, sai a ga an rataya kayan ƙyalƙyali a bakin ƙofofi da teburan karɓar baƙi, alamar cewa Kirsimeti da sabuwar shekara sun ƙarato. A sassa da yawa ba kasafin kuɗi ne ke biyan wannan ado ba. Karo-karo ake yi, a damƙa abin da aka tara a hannun ƙaramin ma'aikaci ko hadimin shugaba, a ce ya leƙa Kasuwar Wuse ya yo dabara.

Dabarar ce ta yi wuya a 'yan shekarun nan. Mafi yawan kayan ƙyalƙyalin daga ƙasar Sin ake shigo da su, musamman daga birnin Yiwu na lardin Zhejiang, inda fataken Najeriya suka daɗe suna sari, kuma da dala ake biya. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ɗaya a hukumance ba ta kai naira 500 ba. A farkon 2024 ta haura naira 1,500. Mafi ƙarancin albashi kuwa, tun bayan dokar da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, naira 70,000 ne. Wanda ke hawa mota kullum daga Mararaba ko Kubwa ko Suleja ya san inda wannan kuɗi ke ƙarewa, kuma ba a kan ado ba ne.

A nan ne wata 'yar ƙaramar sana'ar hannu ke da amfani: naɗe zirin takarda ya zama tauraro, a zura taurarin a zare, a rataya. Ba ta buƙatar gam, ba ta buƙatar waya ko batir. Almakashi da rula da allura da zare sun wadatar.

Fallen takardar ofis, wadda ake kira A4, faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. Idan aka yanka ta a tsaye, kowane ziri da faɗin santimita ɗaya, za a samu ziri 21, ko 20 idan hannu ya ɗan karkace. Kowane ziri tauraro ɗaya ne. Akan fara da ƙulli irin wanda ake yi wa igiya, kusa da ƙarshen zirin, a ja shi sannu a hankali har ya matse, sannan a danne shi ya kwanta. Abin mamakin yana nan: ƙullin da aka yi da ziri mai faɗi ɗaya, idan ya kwanta, da kansa yake zama siffa mai gefe biyar daidai wa daida, ba tare da an auna komai ba. Sai a lanƙwasa guntun da ya rage a cusa shi ciki, a ɗauki dogon ɓangaren a riƙa naɗe shi a jikin siffar, gefe bayan gefe. Takardar ce ke nuna wa mai yi hanya, domin duk naɗi ɗaya yakan kai ta bakin gefen da ke biye. Idan ziri ya kusa ƙarewa, sai a soke bakinsa a ƙarƙashin naɗin da ya gabata.

Mataki na ƙarshe shi ne ke raba gwani da ɗan koyo. Akan riƙe siffar a tsakanin yatsu, a sa farce a tsakiyar kowane gefe a tura ciki, har gefuna biyar ɗin su lotsa, cikin ya kumbura, tsinaye biyar su fito. Wanda ya danne naɗin da ƙarfi tun farko, kamar mai goge kaftani, tauraronsa ba zai tashi ba. Zai murƙushe ne. Wanda kuma ya yi sako-sako da naɗin, nasa zai warware a hannu. Goma na farko sukan fita a karkace, kuma babu laifi a ajiye su a ƙarshen zare inda ido ba ya kaiwa.

Lissafin abin ba shi da wuya. Idan aka bar tazarar santimita biyar tsakanin tauraro da ɗan'uwansa, falle ɗaya zai ba da kusan mita guda ta ado. Fallaye goma sun isa su zagaye ƙofa su sauko gefe da gefe, har a samu ragowa. Allura takan bi ta lotsawar da ke tsakanin tsini biyu ta fita ta tsinin da ke fuskantarta, kamar yadda ake zura 'ya'yan carbi. Da yayyafi kogi kan cika: yara uku a kan tabarma, daga la'asar zuwa magariba, za su iya tara abin da zai ƙawata falo.

Wannan aiki yana da dangi a ƙasashe da dama. A Jamus, tauraro mai tsinaye da yawa da ake kira na Herrnhut ya samo asali ne a ƙarni na 19 a makarantun kwana na cocin Morabiya, inda malamai suka yi amfani da shi wajen koya wa yara lissafin siffofi, kafin ya zama adon Kirsimeti. Akwai kuma wanda ake saƙawa da ziri huɗu, mai tsini 16, da aka laƙaba wa sunan Friedrich Fröbel, malamin da ya kafa makarantar ƙananan yara ta Kindergarten a 1840, wanda ya ɗauki ninke takarda a matsayin darasi. A Filifin, fitilar tauraro da suke kira parol da gora da takarda aka fara yin ta. Duk inda aka duba, abin ya fito ne daga hannun yara da masu ƙaramin ƙarfi, daga baya masana'antu suka karɓe shi.

Bahaushe ma ba baƙon ado da abin da ke hannu ba ne. Jeren kwalla da samira a ɗakin amarya, da zanen bangon gidajen Zariya da Kano, da zayyanar da ake yi wa allon mai sauka, da 'yan tutocin da ake ɗaurawa a igiya a tsallaka unguwa lokacin Mauludi, duk jinsi ɗaya ne. Tauraro kuwa ba na wani addini ba ne shi kaɗai. Zara matar wata da Gamzaki kowa ya taso yana jin sunansu. A birnin da Masallacin Ƙasa da Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa ke hangen juna, kuma a ofishin da Musulmi da Kirista ke zaune teburi da teburi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda aka ɗora wa aikin ado. Launi kawai ake canjawa: ja da ruwan zinariya a Disamba, kore da fari ranar 1 ga Oktoba, duk wanda aka ga dama ranar Sallah ko suna.

Sai dai akwai tambayar da ta fi yadda ake naɗin muhimmanci ga ma'aikacin gwamnati: wace takarda ce za a yanka?

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne tulin takardun da ke gefen na'urar buga takardu, waɗanda aka buga da kuskure ko aka buga fiye da buƙata. Kowa yana ganinsu a matsayin shara. Amma a cikinsu akan samu daftarin wasiƙar da ba a riga an sa wa hannu ba, da jerin sunayen ma'aikata da lambobinsu na IPPIS, da lambobin asusun banki, da jadawalin tafiyar shugaba. Mazauna Abuja sun san yadda takardun ofis kan ɓulla a hannun mai tsire ko mai ƙosai. Tauraron takarda bai fi ƙunshin tsire tsaro ba, domin ba a manne yake ba. Duk wanda ya ja bakin zirin zai warware shi ya miƙe tsaf. Zirin da aka yanka a kwance yakan ɗauki layi guda cif, suna da lamba da komai. Wanda aka yanka a tsaye kuma, idan jadawali ne, yakan kwaso jerin lambobi daga sama har ƙasa.

Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan daram, Ƙa'idojin Aikin Gwamnati sun lissafa fitar da bayani ba da izini ba cikin manyan laifuka, sannan Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa hukumomi alhakin bayanan mutanen da ke hannunsu. Ba kasafai za a ji an tuhumi wani saboda adon ƙofa ba, gaskiya ne. Amma hadimin da ya kai jadawalin maigidansa gida yara su yanka, ya saka kansa a inda bayani ba zai fitar da shi ba idan abin ya tashi. Haka kuma ɗaukar sabon rim daga ma'ajiyar ofis: fallaye 500 ne na gwamnati, ko da niyyar mai ɗauka ta ado ce.

Takardar da babu ƙura a kanta ba ta da wuyar samu. Masu ɗab'i da ke Area 10 a Garki kullum injinan yankansu na zubar da gefunan takarda, dogaye, masu faɗi ɗaya, wasu ma da launi. Aikin almakashi an riga an gama shi. Kalandar shekarar da ke ƙarewa ita ma tana yi, idan ba mai kauri ba ce, kuma a Disamba kowane ofis yana da wadda zai sauke. Katin ɗaurin aure ya yi tauri, yakan tsage a wurin naɗi. Jarida ta yi laushi, taurarinta ba sa tsayuwa. Fastocin siyasa suna naɗuwa da kyau ƙwarai, kuma hadimai ba sa rasa su, amma launin jam'iyya a ƙofar ma'aikata wata fitinar ce daban.

Tulin da ke gefen na'urar ma kwanakinsa ƙidayayyu ne. Didi Esther Walson-Jack, a matsayinta na Shugabar Ma'aikatan Tarayya, ta sanya ranar 31 ga Disamba, 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su koma aiki da kwamfuta su bar zirga-zirgar fayil.

Saura batun wuta. Hunturu lokacin gobara ne, takarda kuma ta bushe ƙamas. Ba a rataya zaren kusa da kyandir, ko ƙwan lantarki mai zafi, ko saman soket ɗin da aka cika wa kaya. Ƙananan fitilun LED da ba sa zafi su ne abokan tafiyarsa. Fararen taurari sukan yi ja da ƙura kafin wata ya ƙare, don haka masu launi sun fi jure zaman baranda. Bayan hutun 1 ga Janairu sai a sauke su, a kaɗe, a naɗe zaren a jikin guntun kwali, a saka a gwangwanin madara mai murfi saboda danshin damina da kyankyasai.