Ƙaramin Kofin Shayi, Babban Ciniki

ABUJA. Duk wanda ya ratsa Maitama ko Asokoro bayan sallar Magariba zai ga Buzaye masu gadi sun kewaye kurfoti, ƙaramar buta tana tafasa, ga 'yan kofunan gilashi jere bisa tire. Wannan al'ada ta mutanen Sahara ta biyo 'yan ci-rani zuwa birnin, wanda ya zama mazaunin Gwamnatin Tarayya a watan Disamba na 1991, yau kuwa ta kai har majalisun 'yan kasuwa.

Shayin yana da ƙa'ida. Sau uku ake dafa ganye ɗaya: na farko ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku zaƙi. Akan ɗaga buta sama a tsiyaya don kumfa ta tashi. Gilashi ne ke nuna launi da kaurin kumfar, shi ya sa roba da tangaran suka kasa ture shi.

Tsofaffin kofunan ma suna da tarihi. Na Maroko da ake kira beldi, da bakin mutum ake hura su daga narkakken tsohon gilashi. Masana'antarsu ta Kasabalanka ta rufe a 2013, daga baya aka farfaɗo da sana'ar a Marakesh. Duralex na Faransa, mai wuyar fashewa, wanda ya samo asali a 1945, ya kusa durƙushewa a 2024, sai ma'aikatansa suka karɓi ragamarsa a matsayin ƙungiyar gama-kai.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne, kusan duk abin da ke kan tiren nan baƙo ne. Koren ganyen daga Sin yake zuwa, kofuna da butoci akasari daga ƙetare. Da aka saki farashin Naira a watan Yuni na 2023, tsadar canji ta hau kan kowane kofi.

Alhali kuwa ana noman shayi a Kakara, bisa tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda ake sarrafa Highland Tea, ƙasar kuma tana da yashin da ake yin gilashi da shi. Masu sha suna nan kowace yamma. Abin da ya rage shi ne mai jarin da zai sarrafa koren ganye daidai da ɗanɗanonsu, ya kuma ƙera musu kofin a gida.