Wa zai auna hankalin wanda ke gaban alƙali?

Kundin hukunta laifuka na Nijar, wanda aka kafa tun 1961, ya ɗora wa alƙali wata tambaya da ba a koyar da amsarta a ajin shari'a. Yaron da bai kai shekara 13 ba, doka ba ta kama shi da laifi. Wanda ya kai 13 amma bai cika 18 ba, sai an duba ko ya san abin da yake yi lokacin da ya aikata, in an ga bai rarrabe ba a ɗauke masa hukunci. Haka ma babba wanda hankalinsa ya gushe a lokacin aikin. A takarda abin ba wuya. To amma da me za a auna? Alƙali doka ya karanta, jandarma bincike ya koya, lauya kuwa aikinsa kare wanda ya ɗauko shi. Awon hankali da tunani karatu ne mai zaman kansa, ana ce masa ilimin halayyar ɗan Adam na shari'a, kuma galibi ba a shigarsa sai an gama digiri na farko.

Ni ɗan Gidigir ne, a kan kwaltar da ta taso daga Damagaram ta nufi Gure da Difa. Na daɗe ina cin abinci da aikin tafinta, ina juya Hausa da Barbarci zuwa Faransanci a gaban masu bincike da alƙalai. Ban yi wannan karatu ba. Na dai zauna a kujerar da ake ganin rashin masu shi, shi ya sa na bi diddiginsa.

Mutanenmu sukan haɗa mutum biyu su mai da su ɗaya. Likitan taɓin hankali likita ne, ya yi karatun likitanci sannan ya ƙware, shi ke faɗin ciwo ya rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam ba ya ba da ƙwaya ko allura. Kayan aikinsa hira ce mai tsari, da gwaje-gwajen da aka auna ingancinsu, da lura. A tsarin da muka gada daga Faransa, alƙalin bincike yana iya naɗa kowanne daga cikinsu ya duba wanda ake tuhuma ko wanda aka cuta ya kawo rahoto a rubuce. Likita zai ce ko akwai ciwon da ya gusar da hankali. Masanin halayya zai ce wane irin mutum ne wannan, iya ina fahimtarsa ta kai, yaya ya tashi, da sauƙi ake juya shi ko da wuya, me abin da ya faru ya bar masa a zuciya.

Hanyar karatun ba gajera ba ce. A jami'o'inmu lisans shekara 3 ce, mastar shekara 2, kuma Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da sashen ilimin halayyar ɗan Adam, inda ɗan Nijar zai iya kafa tushe. A Faransa, tun dokar 1985, ba wanda zai kira kansa masanin halayya sai ya haɗa lisans da mastar a fannin, da zaman koyon aiki. A Ingila, bayan digiri na biyu na wannan reshe sai mutum ya ƙara aƙalla shekara 2 yana aiki ƙarƙashin ido na wani gwani, a gidan kaso ko asibiti, kafin a yi masa rajista. Maƙwabtanmu ma sun taɓa: Jami'ar Ibadan tana da digiri na biyu da ya haɗa halayyar ɗan Adam da shari'a da laifuka da tsaro. A cikin shekarun nan ɗalibi zai koyi dokar laifuka da yadda shari'a ke tafiya, da cututtukan tunani, da girman yaro daga goyo zuwa balaga, da yadda ake rubuta rahoton da lauya ba zai yayyaga shi ba, da ƙiyasin ko mutum zai koma laifi in an sake shi.

Amma darasin da ya fi kama ni shi ne na shaida, domin a kansa na fi ganin ɓarna.

Mu dai mun ɗauka wanda ya gani da idonsa ya gama magana. Masana sun fi shekara ɗari suna nuna cewa abin bai kai nan ba. A 1900 Alfred Binet ya gwada ƴan makaranta a Paris, ya ga yadda sigar tambaya ke sauya amsar yaro. A 1908 Hugo Münsterberg, Bajamushe mai koyarwa a Harvard, ya fitar da littafi a kan kuskuren masu shaida, lauyoyin Amurka suka yi masa dariya. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai fim na haɗarin mota, suka tambaye su gudun da motocin ke yi. Waɗanda aka ce musu motocin sun ragargaji juna sun faɗi gudu mafi yawa bisa waɗanda aka ce musu sun bugi juna. Bayan mako ɗaya aka sake kiransu aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi, aka fi samun masu cewa sun gani a rukunin farko, alhali babu gilashi ko ɗaya da ya fashe a fim ɗin. Ba ƙarya suka yi da gangan ba, tambayar ce ta shiga cikin abin da suka tuna ta zauna. Daga baya, da gwajin ƙwayar halitta ta DNA ya fara wanke waɗanda aka ɗaure bisa kuskure a Amurka, ƙungiyar Innocence Project ta duba mutum 375 da aka wanke: kusan kashi 70 cikin ɗari shaidar ido ce ta nuna su bisa kuskure, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu kuma akwai amsa laifin da ba a aikata ba a cikin shari'arsu.

Wannan na ƙarshen shi ne mutane ba su yarda da shi. Sai ka ji an ce, "Wa zai amsa abin da bai yi ba?" Na ga wanda ya amsa. Lokacin kaka ne, kafin a saki gonaki, sa'ad da rigimar manoma da makiyaya ke yawa a kwarurukanmu. Aka kawo wani yaro makiyayi da ake zargi da sara wani da adda. Bai taɓa shiga ɗaki mai tebur da tuta ba. Aka ce, "Kai ka kora dabbobi cikin gonar?" Ya ce i. "Kai ka sare shi?" I. Da na juya tambayar na ce, "Ashe ba ka wurin lokacin da aka yi faɗan?" sai ya sake cewa i. An rene shi a kan cewa ba a musu da babba, ba a kuma ɗaga ido a dube shi. Mai binciken, baƙo ne a yankin, ya ɗauki sunkuyar da kan a matsayin alamar rashin gaskiya. Akwai ma'auni na musamman da Gisli Gudjonsson, ɗan ƙasar Aisland da ya yi aiki a Landan, ya fitar a 1984 don gane mutumin da matsi da tambaya mai jan baki ke saurin juyawa. Wanda ya yi wannan karatu zai fara da cewa, "Ba ni labarin abin da ya faru daga farko," sannan ya yi shiru. Shirun nan shi ne abin da ya fi wuyar koyo.

Kada dai a ɗauka gwani ba ya kuskure. A Faransa an yi shari'ar Outreau, ta cin zarafin yara, a 2004 da 2005. Da gaske an cuci yaran, an kuma hukunta mutum 4. Amma an wanke mutum 13, wasunsu bayan sun yi shekaru a tsare, kuma rahotannin masanan da suka tabbatar da ingancin duk abin da yaran suka faɗa suna cikin abin da majalisar ƙasar ta fi suka da ta binciki lamarin. Tun daga nan aka ƙara jaddada wa ɗalibai iyakarsu. Masanin halayya ba shi da na'urar gane maƙaryaci. Ba huruminsa ba ne ya ce wane ya aikata. Zai faɗi abin da ya auna da iyakar abin da awon ke nunawa, hukunci na alƙali ne. Duk wanda ya dawo daga karatu yana cewa da ya kalli idon mutum zai san gaskiyarsa, a yi hattara da shi.

A nan ne nake da ja da masu ganin cewa a tura yaro Turai ya kawo takarda an gama. Yawancin gwaje-gwajen basira an tsara su ne an kuma auna su a kan ƴan makarantar Turai da Amurka. Ka ɗauki dattijuwar da ke sayar da kanwa da dabino a kasuwar Gidigir, wadda ke riƙe da lissafin bashin mutane da yawa a kanta ba biro ba takarda, ka ba ta gwajin jera hotuna da agogo a hannunka, sakamako zai ce fahimtarta ta gaza. Wanda ya gaza shi ne gwajin. Haka batun iskoki da sammu. Mutum ya ce an yi masa jifa, ko ya ji an kira sunansa da dare. A wurin wani wannan alamar ciwo ce, a wurin wani kuwa abin da duk garinsu ke faɗa ne. Sai wanda ya san karatun ya kuma san gida zai raba biyun. Ga kuma harshe: a yankin Gure kaɗai ana jin Barbarci da Hausa da Fillanci da Tubanci, kuma duk hirar da ta bi ta bakin tafinta ta rage wani abu a hanya. Ni da nake tafintan nake faɗa.

Duba hankalin mutum kafin a hukunta shi ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun daɗe da kafa cewa hankali da balaga sharaɗi ne na ɗora wa mutum nauyi, kuma babin hana wawa da mahaukaci taɓa dukiyarsu yana nan cikin littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu. A Arewacin Najeriya sashe na 51 na kundin laifuka ya ɗauke laifi daga wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi. Ƙa'idar kowa ya yarda da ita. Mai aunawa ne ya yi ƙaranci.

Buƙatar kuma ta ƙaru a gabashin ƙasar nan. Bayan harin Boko Haram a Boso da Difa ranar 6 ga Fabrairu 2015, an kama ɗaruruwan mutane, har da yara, aka kai su gidajen kaso na Kollo da Kutukale da Yamai, shari'o'insu suka fara a 2017. A Disamba 2016 gwamnati ta yi kira ga masu son ajiye makamai su miƙa wuya, aka tara su a cibiyar Gudumariya, a kan wannan kwalta tamu in ka wuce Gure. A Disamba 2019 rukunin farko, fiye da mutum 100, suka fito. Kowane ɗayansu tambaya ce: wanne aka sace yana yaro aka tilasta shi, wanne ya shiga da ƙafarsa, wanne zai iya zama cikin mutane, wace mace ce ke buƙatar kulawa kafin a tambaye ta komai? Rantsuwa da koyon sana'ar da aka sa su yi a cibiyar suna da amfaninsu, amma ba su amsa waɗannan.

Ba shari'ar laifi kaɗai ba. Rabuwar aure da riƙon ƴaƴa, dattijon da ya sayar da gonar gado ƴaƴansa suka ce ya rikice, yarinyar da aka yi wa fyaɗe da za a sa ta maimaita labarin a gaban jandarma da likita da alƙali har ta daina magana, duk aikin irin wannan masani ne. Dokar kotunan yara ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 1999, ba za ta yi aikin da aka kafa ta dominsa ba in alƙalin yara ba shi da wanda zai tambaya.

A ganina wurin da ya dace da wannan karatu shi ne Damagaram. Akwai Jami'ar André Salifou, akwai kotun ɗaukaka ƙara, akwai babban asibitin ƙasa da gidan kaso, duk a gari ɗaya, kuma ɗaliban da ke zuwa daga Gure da Maine Sorowa da Gigimi sun taho da harsunan da ake buƙata a bakinsu. A haɗa malaman halayya da na shari'a da likitoci, a sa sharaɗin zaman koyon aiki mai tsawo, a kuma sa kowane ɗalibin mastar ya gyara gwaji ɗaya ya auna shi a kan mutanenmu cikin harshensu. Ma'aikatar shari'a kuwa ta buɗe gurabe ta riƙa biyan kuɗin rahoto a kan lokaci, in ba haka ba duk wanda aka horar ƙungiyoyin agaji za su kwashe shi.

Ku kuma ƴaƴanmu da kuka gama lisans kuke zaune kuna jiran gasar shiga aikin gwamnati, musamman mata, domin yarinyar da aka cuta ta fi sakewa da mace: ku nemi wannan fanni, a Yamai ko Ibadan ko duk inda kuka samu gurbi, ku kuma riƙe Barbarcinku da Fillancinku da kyau, da su za ku yi aikin.