Ƙuduji, Ɓarawon Ƙarƙashin Ƙasa

Manoman Kankia da Kusada sun san ƙuduji, wato wuta-wuta. Kafin jan furensa ya bayyana, ya riga ya maƙale a saiwar gero ko dawa yana tsotse abincinta. Binciken masana ya nuna tushe ɗaya kan zubar da dubban iri, masu iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10. Ɗan'uwansa kuwa wake yake kamawa, shi ya sa IITA da cibiyar bincike ta Samaru suka fitar da waken SAMPEA 10 mai jure masa a 2008.

'Yan'uwa, mu tuge shi kafin ya yi fure, mu ƙone, mu zuba taki, baɗi mu shuka waken suya a wurin. Gona amanar Ubangiji ce a hannunmu.