Kuɗin ci-rani: me ya sa ba ya zama jari?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon.

Duk wanda ya tashi a yankin Funtuwa da Malumfashi ya san yadda abin yake. Da an gama girbin masara da dawa, an tsince auduga, sai matasan Bakori, Danja, Ƙafur da Dandume su hau mota sai Kudu. Wani dako a Mile 12, wani acaɓa, wani gadi. Damina ta kawo jiki a dawo. Tambayata ita ce: ana wannan wahalar shekara da shekaru, me ya sa kuɗin ke ƙarewa a taki da biyan bashi?

Bari mu fara da kakanninmu. Unguwar Sabo ta Ibadan an kafa ta a 1916. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna da Hausawan wurin, ya fitar da littafi a 1969 kan yadda suka riƙe cinikin shanu da goro. Sirrinsu maigida ne. Shi ke sauke baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa idan an sayar wa mahauta shanu bashi. To me ya hana a ci amana? Masallaci. Ɗariƙar Tijjaniyya ta yi ƙarfi a Sabo a shekarun 1950, ana haɗuwa wazifa kullum. Wanda za ka zauna gefensa bayan magariba, da wane ido za ka cinye masa kuɗi? Ka ga addini ya zama musu jingina, ba banki ba lauya.

Yanzu mu leƙa wani wuri mai nisa inda ake irin wannan a yau. Indunusiya ita ce ƙasar da ta fi yawan Musulmi a duniya, kuma matanta sama da dubu 100 ke aikatau a Hong Kong. Ranar Lahadi ce hutunsu, sai su cika filin Victoria Park, ana karatun addini, ana cin abincin gida. Suna da adashi irin namu sak, suna ce masa arisan. Bambancin shi ne ba su tsaya nan ba. Akwai gidauniyar zakka mai suna Dompet Dhuafa, wadda 'yan jaridar Republika suka kafa a 1993, tana da reshe a Hong Kong. Manyan ƙungiyoyinsu, Muhammadiyah da Nahdlatul Ulama, su ma suna da rassa a ƙasashen waje. Wato taron wa'azi ya samu rajista, littafin lissafi da shugabanci.

Mu kuma fa? Wallahi zumunci muna da shi. Ɗan garinku ya rasu a Agege, kafin la'asar an haɗa kuɗin likkafani. An kama wani, an yi karo-karon beli. Amma duk na gaggawa ne. Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, wanda bai da komai a gida ya dawo hannu rabbana.

Ga lissafi, misali kawai. Mutum 20 'yan gari ɗaya, kowa ya zuba naira 10,000 a wata, wata shida. Miliyan 1.2 ke nan. A adashi kowa zai kwashi nasa, ya narke a hidima. In an bar shi dunƙule, ana iya sayen taki da wuri a sari, a ba 'yan ƙungiya ba ruwa, kada su ci bashin da za su biya da buhunan masara a kaka lokacin da hatsi ya faɗi. Ko a sayi injin casa a riƙa haya, ribar a ware kaso don marayun garin. Wannan shi ne sana'ar da ke amfanar jama'a: riba tana nan, lada yana nan.

Na san abin da za ku ce: ma'aji zai gudu da kuɗi. Yana faruwa. Shi ya sa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Rubutu ba zargi ba ne. A yi rajistar ƙungiyar gama kai, a buɗe asusu mai sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata, liman ya zama shaida, kada ya zama ma'aji. Mai gudun ruwa kuma akwai bankuna irin Jaiz.

Bana kafin ku hau mota, ku zauna ku yi wannan maganar. Ku gaya mana a ƙasa: a garinku an taɓa gwadawa? Me ya ɗaga ta, ko me ya kashe ta?

Allah ya kai matafiya lafiya, ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa.