Wutsiyar Tarwaɗa da Yaran Kududdufi

Da damina ta kankama, ramukan da aka haƙa don ɗebo ƙasar gini a Baure da ƙauyukanta sai su cika su batse, a kuma tayar da tsohuwar gardama a majalisu: wai gwanin iyo shi ne mai ƙarfin bugun ruwa. Maganar nan tana ba ni haushi, domin ita yara ke ɗauka su faɗa kududdufi, su yi ta dukan ruwa da hannu da ƙafa har numfashi ya ƙare.

A tambayi masuntan Sabke ko na Daberam, sun san tarwaɗa ba ta dukan ruwa. Lanƙwasa take yi, wutsiyar ta je dama ta dawo hagu a karkace. Kowane kaɗawa yana barin wani ɗan ruwa mai juyawa a bayanta, wannan ya juya nan, na bayansa ya juya can, tsakaninsu kuma ruwa ya riƙa kwarara baya. Wannan ruwan da ta tura baya shi ke tura ta gaba.

Mai hura gawayi da mafici ta san wannan ko ba ta shiga aji ba. In ta sandare hannu tana karkaɗa shi da garaje, iska watsewa take yi, kafaɗa ta gaji, wuta ba ta kama ba. In ta yi sanyi ƙwarai, nan ma babu iska. Sai ta sassauta wuyan hannu, mafici na karkata a kowane zuwa da dawowa, sannan gawayi ya yi ja.

Masana sun auna wannan daidaito da ma'aunin da ke ɗauke da sunan Vincenc Strouhal: a ninka yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya da faɗin kaɗawar, a raba da saurin tafiya. Kifin da wutsiyarsa ke share santimita 10 sau 3 a daƙiƙa, yana cin mita 1 a daƙiƙar, ya samu 0.3. A 2003 masu bincike a Jami'ar Oxford ta Ingila suka nuna cewa kifaye da tsuntsaye da jemagu, in suna tafiyarsu ta yau da kullum, galibi tsakanin 0.2 da 0.4 suke tsayawa. A MIT ta Amurka ma, inda aka ƙera kifin inji mai suna RoboTuna, gwaje-gwaje sun nuna nan ne ƙarfi kaɗan ke biyan tafiya mai yawa. In aka zarce nan da nisa, ƙarfin a dama ruwa yake ƙarewa.

Yaron da ya firgita kuwa a tsaye yake cikin ruwa, bugu ya yi yawa, tafiya babu, ba abin da yake samarwa sai kumfa.

Ba na sa ran ƙaramar hukuma za ta koya wa kowa iyo. Amma cike ramukan nan ko katange su bai fi ƙarfinta ba. Iyaye kuma, don Allah a daina ce wa yaro ƙarfi ne iyo.