DORINAR KIRI DA ƊAN'UWANTA NA KANADA

Daga Mubi

In ka ce "dorina" a kasuwar Mubi, abin da zai fara faɗo wa mutane a rai shi ne bulalar nan ta hannun dogari. Ba laifinsu ba ne, gama kogin Yedzaram da ya ratsa garin yakan koma yashi da rani, ba wurin zaman dorina ba ne. Amma cikin jiharmu ta Adamawa, a madatsar ruwa ta Kiri da ke Ƙaramar Hukumar Shelleng, akwai masu fatar da ake yin bulalar, garke guda, da ransu.

An gama ginin madatsar Kiri a kan kogin Gongola cikin 1982, zamanin tsohuwar Jihar Gongola, domin shayar da rake na kamfanin sukari na Savannah da ke Numan. Ruwa ya taru, ba ya ƙafewa, dorinai suka sami gida. Ga manomi da masunci kuwa wannan baƙunta ba ta yi daɗi ba. Namijin dorina yakan kai kilo 1,500. Yini take cikin ruwa, da dare ta hau tudu ta ci ciyawa wajen kilo 40, kuma ba ruwanta da bambanta ciyawa da shinkafa ko masara. Mai ɗa a gindinta tana iya kifar da kwalekwale nan take. A daminar 2025 ambaliya ta koro su zuwa gonakin Guyuk da Shelleng, har aka yi hasarar rai. Saboda haka in mutumin bakin kogi ya ce a harbe su, kada a yi saurin ganin baƙinsa.

To, amma bari mu kai mai karatu wata ƙasa mai nisa, inda aka taɓa yin irin wannan rigima.

A gabashin Kanada, cikin lardin Kwibek, akwai wani ƙauye ana ce da shi Tadoussac, daidai inda kogin Saguenay ya faɗa cikin babban kogin Sen Lorens, kafin ya shiga teku. Ruwan wurin sanyi gare shi ƙwarai, ko da bazararsu sai da manyan riguna ake shiga jirgi. A ƙarƙashin kogin akwai wani kwazazzabo mai zurfin gaske wanda ya zo ya ƙare a nan, sai ruwan ƙasa ya riƙa tasowa da ƙananan kifaye da 'yan mitsi-mitsin jatan lande. Wannan abinci shi ke kawo manyan dabbobin nan na teku da ake kira wel. Kama da kifi gare su, amma ba kifi ba ne: iska suke shaƙa, haihuwa suke yi, su shayar da nono. Mafi girmansu yakan kusa mita 30. Abin mamaki kuma, masana sun tabbatar cewa cikin dabbobin da ke raye yau, babu ɗan'uwan wel na kusa kamar dorina.

A cikin irinsu akwai wani fari fat mai suna beluga, wanda ke zaune a kogin rani da damina. Masuntan wurin sun zarge shi da cinye musu kifi, har a shekarun 1930 gwamnatin lardin ta riƙa biyan dala 15 ga duk wanda ya kawo wutsiyar guda. Daga baya bincike ya nuna ba shi ne ya ƙarar da kifin ba. Aka hana farautarsa cikin 1979, kana cikin 1998 aka mai da yankin gandun ruwa na hukuma.

Yanzu daga watan Mayu zuwa Oktoba jirage ke fita da baƙi kallon wel. Mai jirgi ya samu, mai masauki ya samu, mai abinci ya samu. Sai dai da doka ake yi. Ba mai ɗaukar 'yan kallo sai da lasin, kuma an hana kusantar beluga ƙasa da mita 400.

Ba mu ce Kiri Kanada ce ba. Wel ba ya hawa tudu ya ci gonar kowa, dorina kuwa tana ci. Don haka in za a yi kallon dorina a Kiri, tilas kuɗin ya fara shiga hannun wanda ake yi wa ɓarna. Masuntan wurin, da sarakunan ruwa a gabansu, su suka san inda garke ke kwana da lokacin da uwa ke da jariri. Su ya kamata a ba jirage masu inji da rigunan ruwa, su zama 'yan rakiya. A yanka tazarar da ba a ƙetarewa, a hana fita da almuru, sa'an nan a ware wani kaso na kuɗin shiga don biyan manomin da aka ci wa gona. In babu wannan, za a yi tusa ne kawai a hura wuta.

'Yan kallo kuwa ba sai an jira Turawa ba. Ga ɗaliban Jami'ar Jihar Adamawa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan Mubi, ga 'yan makarantun Yola da Numan, da yawansu ba su taɓa ganin dorina ba sai a littafi. Gani ya kori ji.

Tun 2006 aka sa dorina cikin jerin dabbobin duniya da ake jin tsoron ƙarewarsu. In aka harbe guda, nama na kwana biyu ne da 'yan bulalu. In aka bar ta da rai bisa tsari, tana iya shekara 40 tana kawo baƙi. Muna fata hukumomin jiha da na Shelleng da Guyuk za su zauna da masunta da manoma su duba wannan magana tun ruwa bai sake cikowa ba.